Jirgin Lilo: Yadda Nauyi Ke Juya Fiffike, da Sharaɗin da Iskar Damagaram Ke Gindayawa

A wani garejin walda da ke bakin hanyar Tanut, ɗan yayata ya ajiye tabarau ɗinsa na aiki ya miƙo mini waya. A hoton bidiyon da ya nuna mini, mutum biyu ne zaune, ɗaya a bayan ɗaya, cikin wani abu mai taya uku. Farfela tana juyi a bayansu, sannan a bisa kansu akwai wani faffaɗan fiffike mai kusurwa uku. Ya ce, "Kawu, wannan ai kabu-kabu ne aka yi wa rumfa. In na samu injin moto mai ƙarfi da tampol mai kauri, wata guda ya ishe ni." Na ce masa, kafin ya je sayen tampol, ya nuna mini wutsiyar jirgin. Ya duba, ya mayar da bidiyon baya, ya sake dubawa. Babu wutsiya.

Rashin wutsiyar nan shi ne mabuɗin dukan al'amarin. Faransawa suna sa wannan jirgi a cikin rukunin da suke kira ULM, wato ƙananan jirage marasa nauyi masu inji, kuma sun ba shi suna daga kalmarsu ta abin da ke reto a rataye. Masu Ingilishi kuwa da sunan keke mai ƙafa uku suke kiransa. A nan zan kira shi jirgin lilo, domin sunan ya fi faɗin gaskiyar yadda yake aiki. Sassansa biyu ne kawai: fiffike a sama, keke a ƙasa. Keken ne ke ɗauke da kujeru da inji da tankin mai da tayoyi, kuma ba a ɗaure shi tamau da fiffiken ba, rataye shi aka yi a mahaɗa guda ɗaya wadda ke barinsa ya yi lilo gaba da baya, hagu da dama. Ƙusa ɗaya mai kauri ce ke riƙe da wannan mahaɗa, tare da igiyar ko-ta-kwana da aka zagaya a kan ƙashin bayan fiffiken saboda ranar da ƙusar za ta ci amana.

Jirgin da muka saba gani yana sauka a filin jirgin Damagaram yana juyawa ne da wasu ƙananan faifai masu motsi da ke gefen fikafikansa da kuma jikin wutsiyarsa. Matuƙi ya motsa sanda ko ya taka feda, faifan su karkata, iskar da ke bi ta kansu ta ture jirgin zuwa inda ake so. Jirgin lilo ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke gaban matuƙinsa sanda ce a kwance, wadda ita ce gindin wani firam mai kusurwa uku da aka ɗaure da fiffiken, ba da keken ba. Saboda haka duk sa'ad da ya tura sandar, ba wata na'ura yake kunnawa ba, kansa da keken da duk abin da ke ciki yake turawa zuwa ɗaya gefen a ƙarƙashin fiffiken.

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta, har da waɗanda suka ji an ce da nauyin matuƙi ake tuƙa shi. Suna zaton mutumin ne ke karkata jikinsa kamar mai moto a kwana. Matuƙin a ɗaure yake da bel, ba ya gusawa daga kujerarsa ko da taƙi ɗaya. Keken gaba ɗaya ne ke gusawa. Wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san cewa idan ɓangare ɗaya ya fi nauyi, kayan can za su rinjaya, jakin ma can zai riƙa karkata. To haka fiffiken yake: idan nauyin da ke rataye ya koma ƙarƙashin ɓangaren hagu, fiffiken hagu ya yi ƙasa, na dama ya yi sama, sai ƙarfin da ke ɗaga jirgin, wanda a da yake kallon sama kai tsaye, ya karkata hagu ya ja jirgin cikin kwana. Da zarar karkatar ta kai yadda ake so, matuƙi ya mayar da sanda tsakiya ya ɗan tura ta gaba kaɗan, jirgin ya ci gaba da zagayensa har sai an gusar da nauyin zuwa ɗaya ɓangaren an miƙar da shi.

Daga nan ne wani abin ruɗani ke fitowa. Don jirgin ya juya hagu, dama ake tura sandar. Don ya ɗaga hanci ya rage gudu, gaba ake tura ta, nesa da ƙirji. Don ya sunkuyar da hanci ya ƙara gudu, jawo ta ake yi zuwa ciki. Wannan kishiyar abin da matuƙin jirgi mai wutsiya ya saba ne, domin shi idan ya jawo sanda hanci sama yake yi. Shi ya sa malaman tuƙi suka fi jin tsoron ƙwararren matuƙin babban jirgi a kan ɗan koyon da bai taɓa tashi ba: a lokacin firgici hannu abin da ya saba yake yi, ba abin da aka gaya masa jiya ba, kuma a mita goma daga ƙasa babu lokacin gyara kuskure. Hawa da sauka kuwa ba aikin sanda ba ne sosai, aikin totur ne, wanda ake takawa da ƙafar dama kamar na mota. A ƙara wuta jirgi ya hau, a rage ya gangaro, sanda kuma tana tsara gudun da ake yin hakan.

Mai tunani zai tambaya, ta yaya hannun mutum ɗaya zai gusar da keke mai ɗauke da mutum biyu da inji da mai, abin da ya haura kilo 300, na tsawon sa'o'i? Amsar tana cikin laushin fiffiken. Yadi ne aka shimfiɗa a kan bututun alminiyam, aka cusa masa siraran sanduna masu lanƙwasa kamar haƙarƙari domin su ba shi siffa. An bar ƙashin bayansa da ɗan sarari na motsi, ta yadda idan nauyi ya koma hagu, yadin ɓangaren hagu zai ɗan saki ya yi tumbi, na dama ya ɗaure. Ɓangaren da ya saki sai ya rage ɗagawa, wanda ya ɗaure ya ƙara. Wato matuƙi fara maganar kawai yake yi, fiffiken ne ke ƙarasa ta. Da fiffiken ƙarfe ne sandararre, da tuƙin ya zama dambe.

Dabarar tuƙi da nauyi ta girmi jirgin 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright da ya tashi a 1903. Bajamushe Otto Lilienthal ya yi tashi kusan 2,000 daga kan tudu tun daga 1891, yana rataye a tsakiyar fikafikai yana wurga ƙafafunsa inda yake so ya karkata. A watan Agustan 1896 iska ta ɗaga hancin fiffikensa, nauyin ƙafafunsa bai isa ya dawo da shi ba, ya faɗo ya karya wuya, washegari ya cika. Masu ƙera jirage suka ɗauki darasin cewa nauyin jiki ba abin dogaro ba ne, suka koma ga wutsiya da faifai, aka yi kusan rabin ƙarni ba a waiwayi hanyar ba. Wanda ya buɗe ƙofar kuma shi ne Francis Rogallo, injiniya a cibiyar binciken jirage ta Langley a Amurka, tare da matarsa Gertrude, wadda ta ɗinka samfurin farko da yadin labule. Sun nemi rajistar fasaharsu a 1948, aka ba su a 1951. Hukumar NASA ta gwada fiffiken a farkon shekarun 1960 da nufin sauko da kumbon Gemini a kan tudu, daga baya ta haƙura ta koma ga laima da faɗawa teku, amma hotunan gwajin sun riga sun zaga duniya. A 1963 wani ɗan Ostareliya, John Dickenson, ya haɗa irin wannan fiffike da firam mai kusurwa uku da wurin zama mai lilo a ƙarƙashinsa, kuma wannan haɗin ne ya magance abin da ya kashe Lilienthal, domin yanzu dukan jikin mutum ne ke reto, daga nesa da fiffiken, da sanda a hannu ta turawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka fara rataya keke mai inji a wurin mutum, musamman a Faransa da Ingila, kuma kamfanoni irin su Air Création, wanda aka kafa a Aubenas a 1982, suka mayar da abin sana'a.

Ban gaya wa ɗan yayata cewa fiffiken farko na Dickenson da ledar rufe ayaba aka yi shi ba, don na san a nan zai kafa hujja. Amma wancan fiffike kwale-kwale mai inji ne ke jansa a kan kogi, wanda ya faɗo ruwa zai sha. Fiffiken yau wani abu ne dabam, kuma sirrinsa yana wurin da ido ba ya kaiwa. Tun da babu wutsiya, dole fiffiken ya zama wutsiyar kansa. An ja bakunansa biyu baya, an kuma murɗe su ta yadda suke fuskantar iska da kusurwa ƙasa da ta tsakiya. Idan jirgi ya rage gudu har tsakiyar fiffiken ta daina ɗagawa, bakunan da ke baya suna nan suna aiki, sai hanci ya sunkuya da kansa gudu ya dawo. Akwai kuma igiyoyi ko 'yan sanduna da ke tallafe gefen baya na yadin, waɗanda ba su da wani aiki a tafiyar yau da kullum, sai ranar da jirgin ya yi nitso da ka. A ranar su ne ke tilasta wa hanci ya ɗago. Bambancin 'yan santimita a tsawon waɗannan igiyoyi shi ne bambanci tsakanin fiffiken da ke farfaɗowa da wanda ba ya farfaɗowa, kuma ba a gane shi da kallo a gareji.

Haɗarin da ya keɓanta da wannan jirgi ma daga lilon yake fitowa. Matuƙi yana da iko ne muddin keken yana rataye da nauyinsa. Idan aka ɗaga hanci fiye da kima har gudu ya ƙare kwatsam, ko wata muguwar iska ta buga fiffiken daga sama, nauyin zai iya ɓacewa na ɗan lokaci, kamar yadda cikin mutum ke yi idan mota ta haura tudu a guje. A wannan lokaci tura sanda ba ya haifar da komai, kuma fiffiken na iya kifawa ta gaba ya shiga alkafura, yana juyi yana ɗauke da keken, har bututun su karye. Saboda haka ne masu ƙerawa suke haramta duk wani wasan gwaninta a sama, suke kuma iyakance karkata a kwana zuwa digiri 60. Wasu masu jiragen suna ƙara laima mai roka wadda ke sauko da jirgin da mutanensa gaba ɗaya, amma ita ma tana buƙatar tazara daga ƙasa kafin ta buɗe.

Batun inji ya fi sauƙin bayani. Moton da ke yawo a titunan Zango da Sabon Gari ƙarfinsa bai wuce na doki goma ba, ko sama da haka kaɗan. Jirgin lilo mai kujera biyu yakan ɗauki injin Rotax na ƙasar Ostiriya, ko dai samfurin 582 mai ƙarfin doki 65, ko 912 mai 80 ko 100. Kowace silinda filogi biyu gare ta, kowanne da hanyar wutarsa, kuma akwai giya da ke rage saurin juyi kafin ya kai ga farfela. Ana buɗe 582 a yi masa babban gyara bayan awa 300, shi kuwa 912 yakan kai awa 2,000. Abin da zai faranta ran mutumin Damagaram, wanda matatar SORAZ ke maƙwabtaka da shi tun 2011, shi ne waɗannan injuna man mota suke sha, kamar lita 10 zuwa 15 a awa. Sai dai man da aka ɗura daga kwalba a bakin titi, wanda ya kwana a buɗe cikin ƙura, ba na jirgi ba ne. Idan inji ya mutu, jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, yana gangarowa ne a hankali, yana cin mita takwas ko tara gaba a kowace mita ɗaya da ya sauka. Daga tsayin mita 300 ke nan matuƙi yana da kilomita biyu da ɗoriya ya zaɓi fili. A gonakin gero bayan girbi wannan wadata ce. A kan duwatsun Birni da rufin gidajensa kuwa ba komai ba ce.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi shafarmu, wato iskar wannan ƙasa. Fiffike da farfela da inji duka ukun da kaurin iska suke aiki, iska mai zafi kuwa sirara ce. Damagaram tana kan tsayin kusan mita 460 daga teku, kuma a lissafin da masu jirage ke amfani da shi, zafin da ya dace da wannan tsayi digiri 12 ne. A azahar ɗin watan Afrilu ko Mayu, idan zafi ya kai 42, an haura da digiri 30, kuma kowane digiri ɗaya yana daidai da ƙarin tsayin kusan mita 36. Ma'ana, jirgin da ke tsaye a ƙasar Damagaram ji yake kamar yana kan dutse mai tsayin mita 1,500. Injin ya yi asarar wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, gudun da ake buƙata a ƙasa kafin tashi ya ƙaru, hawan ya yi nauyi. Filin da ya ishe shi da sanyin safiyar Janairu ba lalle ya ishe shi da fasinja a bazara ba, kuma itacen gawon da ke ƙarshen filin bai rage tsawo ba.

Wannan ma da sauƙi idan aka kwatanta da motsin iskar. Duk wanda ya ga shirwa ko ungulu suna zagaye a sama da hantsi ba tare da kaɗa fiffike ba, ya ga ginshiƙan iska mai zafi da ke tashi daga ƙasar da rana ta gasa. Ga tsuntsu abin hawa ne kyauta. Ga jirgin lilo kuwa duka ne, domin fiffikensa faffaɗa ne, murabba'in mita 12 zuwa 15 galibi, nauyin da ke kansa kaɗan, kuma kowane bugu yana sauka kai tsaye a damtsen matuƙi ta cikin sandar. Guguwar da ke tsinke wa mata shanya a tsakar gida, ta yi sama da leda da kara, ita ce ƙaramar siffar wannan ginshiƙi a kusa da ƙasa, kuma haɗuwa da ita a lokacin sauka na iya kifar da jirgi. Da hunturu hazo yakan rufe gari har manyan jirage su fasa sauka, alhali matuƙin jirgin lilo da idonsa kaɗai yake sanin inda sama ta rabu da ƙasa. Da damina kuma hadarin gabas yana turo bangon ƙura a gabansa da gudu mai tsanani. Idan aka cire duk waɗannan, abin da ya rage shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, da kuma bayan la'asar sakaliya, kuma mafi kyawun kwanakin suna cikin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko. A ganina duk wanda zai kawo wannan jirgi nan ya san jirgin sassafe ya saya.

Rana tana da wata ɓarnar ta daban. Yadin fiffiken na roba ne mai ƙarfi irin na filafilan jiragen ruwa, amma hasken rana yana cinsa a hankali ba tare da launinsa ya nuna ba, kamar buhun da aka bari a kan rufi wanda yatsa ke hudawa bayan wata biyu. A Ingila ana gwada shi da wani ɗan ma'auni mai allura: a soka a yadin, a ja da ƙarfin da aka ƙayyade, idan ya yage fiffiken ya gama aiki. A ƙasar da rana ke fitowa kusan kowace rana, rumfa mai rufi da rigar fiffike ba ado ba ne. An yi sa'a ana iya naɗe fiffiken cikin doguwar jaka a ƙasa da awa guda, keken kuma ya shiga zaure mai faɗin ƙofa.

Dokoki sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, ƙa'idar 1982 ta yarda mutum ya tashi ba lasisi, muddin jirgin kujera ɗaya ne, nauyinsa ba komai a ciki bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai haura kilomita 102 a awa ba, kuma da rana, nesa da cunkoson gidaje. A Faransa sai da takardar shaida, wadda ake iya samu daga shekara 15, kuma jirgin lilo shi ne aji na biyu cikin azuzuwa shida na ULM. A Ingila ana neman aƙalla awa 25 na koyo. A Nijar sararin sama yana ƙarƙashin hukumar ANAC, zirga-zirgar cikinsa kuma ASECNA, hukumar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, ke kula da ita, kuma a halin tsaron da yankin ke ciki, wanda ya tashi a kan gari ba izini zai tarar da masu jiransa a ƙasa kafin tayarsa ta taɓa yashi.

Duk da waɗannan iyakoki, jirgin ya yi abubuwan da girmansa bai nuna ba. Baturen Ingila Brian Milton ya zagaya duniya da shi a 1998 cikin kwana 120, Richard Meredith-Hardy kuma ya haura ƙololuwar dutsen Everest a 2004. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da aka fara a Amurka a 2001, inda matuƙa sanye da fararen kaya masu rufe fuska suka riƙa jagorantar 'ya'yan wani tsuntsu dangin gauraka, wanda ya kusa ƙarewa, daga Wisconsin zuwa Florida domin su koyi hanyar ƙaura. An zaɓi jirgin lilo ne saboda yana iya tafiya a hankali daidai da tsuntsu. Wannan jinkiri, da buɗaɗɗen wurin zama da ke barin mutum ya ga ƙasa tsakanin ƙafafunsa, su ne amfaninsa na gaske ga ƙasa irin tamu: duba burtali da inda gona ta ci shi, ƙirga garke a bakin tafkin Gidimuni, bin sawun raƙuman da suka ɓata, ko leƙa gandun dajin Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 a kan fili kusan murabba'in kilomita 97,000. Sai dai yawancin wannan aiki yanzu jirgi marar matuƙi yana yinsa da kuɗi kaɗan ba tare da an sa ran kowa a ciki ba, kuma abin da jirgin lilo ya fi shi da shi bai wuce nisan zango da idon mutum a wurin ba.

Ɗan yayata ya saurari bayanin igiyoyin da ke tallafe bayan yadi har ƙarshe, ya karɓi wayarsa ya tsayar da bidiyon daidai inda mahaɗar take, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallon ƙusar nan guda ɗaya. Sannan ya ce, "Kawu, keken dai zan iya. Fiffiken nawa ne in an sayo?"